Lungun da Buroshi Ba Ya Shiga: Lacca a Kan Tsabtace Tsakanin Haƙora

 

 Yau 20 ga Maris, ranar da aka keɓe a duniya domin tunawa da lafiyar baki, shi ya sa masu shirya wannan zama suka ce in zo in yi bayani a matsayina na likitan haƙori. Zancen lafiyar baki yana da faɗi. Da za mu bi shi ɗaki-ɗaki, daga fitowar haƙoran jarirai har zuwa haƙoran roba na tsofaffi, sai la'asar ta riske mu a nan. Don haka na zaɓi wuri ɗaya, ƙanƙani ƙwarai, in tsaya a kansa: ɗan lungun nan da ke tsakanin haƙori da maƙwabcinsa.

Kusan kullum sai mutum ya zauna a kujerarmu ta asibiti ya ce, "Likita, ni fa ban san daga ina wannan ciwo ya fito ba. Ina goge baki da makilin safe da dare, asuwaki kuwa ba ya barin aljihuna." Kuma gaskiya yake faɗa. In ya buɗe baki, haƙoran gaba fes, har da ƙyalli. Amma da zarar mun zura ɗan ƙarfen awo tsakanin turamensa na ciki, sai jini ya biyo, wani lokaci har da wari wanda shi kansa sai ya kau da kai. Mutumin nan ba ƙazami ba ne. Yana da tsabta iyakar inda kayan aikinsa suke kaiwa. Matsalar ita ce akwai inda ba su kaiwa, kuma ba a taɓa gaya masa ba.

Baligi mai cikakken baki yana da haƙora 32. Kowane haƙori yana da fuska biyar: wadda ke kallon leɓe ko kumatu, wadda ke kallon harshe, ta sama da ake tauna da ita ko a gatsa, sai guda biyu na gefe, dama da hagu, inda yake jingine da maƙwabtansa. Buroshi da asuwaki suna aiki a kan guda ukun farko. Guda biyun nan na gefe kuwa, gashin buroshi sai dai ya leƙa bakin ƙofa ya dawo. A ƙarƙashin inda haƙoran biyu suka haɗu akwai ɗan tsinin dasashi da ya cike gurbin, fatarsa ta fi ta sauran dasashi laushi da rauni. A nan ne mafi yawan ciwon dasashi ke farawa, a nan ne kuma kogo yake son ɓuya a bakin manya, har ya yi zurfi mai shi bai gan shi a madubi ba.

To me ke taruwa a wurin? Yawancinmu za mu ce guntun abinci. Guntun abinci yana ciki, amma shi ne ƙaramin mai laifi. In kun tashi da safe, ku kankari haƙorinku da farce a kusa da dasashi, za ku ga wani farin abu mai laushi da yauƙi. A shekarar 1683, wani ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, mai suna Antonie van Leeuwenhoek, wanda ya ƙware wajen sarrafa gilashin ƙara girman abu, ya ɗebi irin wannan farin abu daga tsakanin haƙoransa ya duba. Ya ga ƙananan halittu birjik suna motsi, ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Landan wasiƙa ya ba su labari. Yana daga cikin karon farko da ɗan Adam ya ga ƙwayoyin bakteriya da idonsa, kuma ku lura, a tsakanin haƙora ya same su. Yau masana sun gano sama da iri 700 na waɗannan ƙwayoyi da ke iya zama a bakin mutum. Da yawansu ba su da illa, wasu ma suna da amfani. Illar tana zuwa ne in aka bar su suka yi sansani a wuri ɗaya, suka gina wa kansu wannan yauƙi suka manne.

Iyayenmu mata sun san abin da nake nufi fiye da kowa. Randar da aka kwana biyu ba a wanke ba, in aka shafa cikinta za a ji santsi. Ko ɗauraya nawa aka yi, ko ruwa nawa aka zuba aka juye, santsin nan yana nan, sai an sa soso an dirje. Haka wannan dauɗa ta haƙori take. Kurkure baki ba ya cire ta. Ruwan kurkure na kwalba mai ƙamshin na'a-na'a ma, shi kaɗai, ba ya ɓamɓare ta. Dole wani abu ya taɓa jikin haƙorin ya goge.

In aka bar ta, ɓarna biyu take yi. Ta farko, ƙwayoyin suna cin sukarin da muka sha, na shayi, na lemon kwalba, na alawa da biskit, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke zaizaye ɓawon haƙori a hankali har ya huda shi. Wannan shi ne kogo. Bari in ɗan ratse a nan, don na san akwai masu cewa tsutsa ce ke cin haƙori, har akwai masu yawo kasuwa-kasuwa suna turara wa mutane hayaƙi su nuna musu 'yan fararen abubuwa a cikin ruwa, wai ga tsutsar ta fito. Jama'a, mun buɗe haƙora ba adadi, mun duba su a hoto, mun duba su a madubin likita. Babu tsutsa. Wanda ya biya kuɗin cire tsutsa ya koma gida da kogonsa, sai dai aljihu ya yi sauƙi.

Ɓarna ta biyu ita ce ta dasashi, kuma ita ce ta fi damuna, domin ba ta da zafi. A kan wannan akwai wani gwaji da duk ɗalibin likitan haƙori yake karantawa. A 1965, a birnin Aarhus na ƙasar Denmak, Farfesa Harald Löe da abokan aikinsa sun samu mutum 12 masu lafiyayyen dasashi, suka ce musu su daina tsabtace baki gaba ɗaya. Tsakanin kwana 10 zuwa 21, dukkansu dasashinsu ya kumbura ya fara ciwo. Sai aka ce su koma gogewa yadda ya kamata. Cikin kamar mako ɗaya dasashin ya koma lafiya lau. Abu biyu wannan gwaji ya tabbatar: dauɗar ce ke kawo kumburin, kuma a wannan mataki cire ta kawai ya isa magani, ba allura ba ƙwaya.

Amma in ba a cire ba, sinadaran da ke cikin yawu sukan shiga cikinta ta daskare ta zama kamar dutse. Shi ne wannan abu mai ruwan ƙasa ko rawaya da za ku gani a bayan haƙoran gaba na ƙasa, musamman a bakin masu cin goro da masu shan taba, inda yakan rine. In ya kai haka, buroshi ba ya iyawa, zare ba ya iyawa, sai an zo asibiti an kankare. Shi kuma dutsen nan kaushi gare shi, sabuwar dauɗa ta samu wurin kamawa. Dasashi ya fara sakin haƙori, ɗan aljihu ya buɗe tsakaninsu, ƙwayoyin su gangara ciki. Jiki yana ta yaƙi da su, a garin yaƙin ƙashin muƙamuƙi da ke riƙe da saiwar haƙori ya riƙa narkewa. Shekara biyar, shekara goma, mutum yana harkokinsa. Ran nan sai ya ga haƙoransa sun yi tsawo, sun fara buɗewa, ɗaya yana girgiɗi. Ya gatsa goro, haƙori ya fita lafiyayye, ba ko ɗigon kogo a jikinsa. Sai a ce ai tsufa ne. Na ga dattijo ɗan shekara tamanin da haƙoransa cif, na ga ɗan arba'in da giɓi huɗu. Shekaru suna ba ciwon lokaci ne kawai ya yi aikinsa. Ƙashin da ya narke kuwa, a mafi yawan lokuta, ba ya dawowa. Iyakar ƙoƙarinmu mu tsayar da ɓarnar inda ta kai.

Kada ku ɗauka abin na mutane kaɗan ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da wata cuta ta baki, kuma kimanin biliyan 1 daga cikinsu ciwon dasashi mai tsanani ne ke damunsu, wato kusan baligi ɗaya cikin kowane biyar. Masu ciwon sukari su ƙara buɗe kunne. Sukarin da bai daidaita ba yana ƙara tsananta ciwon dasashi, shi kuma ciwon dasashi yana sa sukari ya yi wuyar daidaitawa. Bincike ya nuna in aka yi wa mai sukari maganin dasashinsa, awon sukarinsa na watanni uku yakan ɗan sauka. Ana kuma ganin alaƙa tsakanin ciwon dasashi da cututtukan zuciya, sai dai masana ba su tabbatar cewa ɗaya ne ke haddasa ɗaya ba, don haka ba zan tsorata ku da shi ba.

Yanzu wani zai ce, "Likita, ai mu ma muna sakace." Ƙwarai kuwa. Bahaushe ya san sakace tun kaka da kakanni. Ku je bakin mai tsire ko mai balangu da daddare, kowa ya tashi da tsinke a baki. Ranar Babbar Salla da kwana biyun da ke biye, ai sai ka rantse an yi rabon tsinken tsintsiya a unguwa. Bari mu duba abin da muke yin sakacen da shi: karan ashana, tsinken tsintsiyar da aka share tsakar gida da ita, marfin biro, gefen katin waya, allura, fil na ɗankwali, tsinin wuƙa, har gefen reza na gani. Tsinke yana ciro zaren naman da ya maƙale, mutum ya ji sakayau, ya ɗauka ya gama. Amma tsinke tsini ne da shi, wuri ɗaya yake taɓawa, ba ya shafe faɗin gefen haƙori, yauƙin nan yana nan daram. Sannan kullum ana caka shi a kan ɗan tsinin dasashin nan mai laushi har ya gaji ya janye. Da ya janye, rami ya buɗe, nama ya ƙara samun wurin maƙalewa, a ƙara neman tsinke mai kauri. Wani lokaci tsinken ya karye a ciki, bayan kwana uku kumatu ya kumbura. Ƙarfe kuwa yana karce haƙorin kansa. Ban ce a jefar da tsinken sakace mai tsabta ba. In nama ya maƙale a wurin biki, a cire shi a hankali. Amma a san cewa cire nama daban, tsabtace wurin daban.

Game da asuwaki, ina so a fahimce ni da kyau, don kada a fita a ce likita ya soki sunna. Ingantattun hadisai sun nuna yadda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kwaɗaitar da yin asuwaki, har ya nuna cewa tsoron tsananta wa al'umma ne ya hana shi wajabta shi a kowace salla. Likitoci kuma sun gwada icen asuwaki, sun ga in an iya riƙe shi yana cire dauɗa a fuskokin da yake kaiwa kamar yadda buroshi ke yi. Mai asuwaki ya riƙe asuwakinsa, ko na icen da ake kawowa daga Makka ne, ko na darbejiya. Abin da nake cewa shi ne, shi ma kamar buroshi, kaurinsa bai bar shi ya ratsa tsakanin haƙoran da suka matse ba. Manufar asuwaki tsarkin baki ce, zaren nan kuwa cikon wannan manufa ne.

Shi zaren sakace, wanda a kantin magani za ku ji ana ce masa fulos, ba sabon abu ba ne. Wani likitan haƙori a birnin New Orleans na Amurka, Levi Spear Parmly, shi ne ya shawarci mutane su riƙa ratsa zaren siliki tsakanin haƙora, ya kuma rubuta haka a littafinsa na 1819. A 1882 kamfanin Codman and Shurtleff ya fara yin sa don sayarwa, a 1898 kamfanin Johnson & Johnson ya yi rajistar nasa. A shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da siliki ya yi wuya, aka koma zaren nailan, kuma sunan Dokta Charles Bass ne ake ambata a wannan sauyi. Har birai ma sun gano amfanin abin: a garin Lopburi na ƙasar Tailan, masu bincike sun ga birai suna fizgar gashin kan masu yawon buɗe ido suna ratsa shi tsakanin haƙoransu. Ban dai ce ku koma cire gashin juna ba.

Akwai wata magana da ya zama dole in kawo, domin ɗalibanmu masu bincike a waya za su ci karo da ita. A watan Agusta na 2016, kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya fitar da rahoto cewa hujjar kimiyya a kan amfanin zaren nan ba ta da ƙarfi, kuma gwamnatin Amurka ta cire shi daga jerin shawarwarinta na abinci da lafiya. Labarin ya zaga duniya, malalata suka yi murna. Gaskiyar ita ce, da ƙungiyar Cochrane, masu tattara bincike su tace, suka duba a 2011, sun ga haɗa zare da buroshi yana rage kumburin dasashi fiye da buroshi kaɗai, amma gwaje-gwajen gajeru ne, mutane kaɗan ne a cikinsu, ba su kai tsawon da za a ga tasiri a kan kogo ko zubewar haƙori ba. A 2019 suka sake dubawa, gwaji 35, mutum kusan 4,000. Sakamakon bai sauya sosai ba, sai ƙarin cewa ɗan ƙaramin buroshin nan na tsakanin haƙora yana iya fin zare aiki.

Ga yadda nake kallon abin. Ciwon da ke ɗaukar shekara goma kafin ya kayar da haƙori, gwajin wata uku ba zai nuna ƙarshensa ba, kuma ba wanda zai yarda a hana dubban mutane tsabtace bakinsu shekara goma don a ga abin da zai faru. Sannan yawancin masu amfani da zaren ba su iya ba: su tsoma shi su fizgo, kamar sun sauke farali. In aka auna aikin da ba a yi daidai ba, dole a ga amfaninsa kaɗan. Abin da ba a yi jayayya a kansa ba shi ne dauɗar nan ce ke kawo ciwon, kuma buroshi ba ya kai mata a can. Saboda haka hukuncina: a tsabtace tsakanin haƙora sau ɗaya kowace rana, da abin da ya dace da bakin mutum, kuma a yi shi yadda ya kamata. Wanda ya ce muku zare zai hana ku ciwon zuciya ya yi ƙari. Wanda ya ce ba shi da amfani shi ma ya yi ragi.

To yaya ake yi? Ku ba ni hankalinku, nan ne gundarin laccar.

A wanke hannu tukuna. A yanko zare kamu ɗaya, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, wato kamar santimita 45. A naɗe mafi yawansa a yatsan tsakiya na hannu ɗaya, ragowar a yatsan tsakiya na ɗaya hannun. Yatsan tsakiya na ce, domin manuniya da babban yatsa su za su yi tuƙi. A bar ɗan tsakani kamar faɗin yatsu biyu a miƙe. A ɗora shi a inda haƙora biyu suka haɗu, a riƙa ja gaba da baya a hankali har ya sulale ya wuce matsin. Kada a danna da ƙarfi ya faɗa kan dasashi tas. Masu yin haka su ne ke yanka kansu su ce zare mugun abu ne.

Da ya shiga, a lanƙwasa shi ya rungumi haƙori ɗaya, ya yi siffar harafin C. A gangara da shi a jikin haƙorin har ya ɗan shige ƙarƙashin bakin dasashi, inda za a ji ya tsaya da kansa, ba tare da tilas ba. Sai a goga sama da ƙasa sau uku ko huɗu, ana manne da haƙorin. A ɗago kaɗan, a tsallake tsinin dasashin, a rungumi haƙorin da ke ɗaya gefen, a yi masa haka. Kowane lungu bango biyu ne da shi, kuma wannan shi ne abin da kusan kowa ke mantawa. In an fito, a warware sabon zare daga yatsa ɗaya, a naɗe mai dattin a ɗaya, a wuce gaba. A fara daga turmin ƙarshe na sama a dama, a bi layi har hagu, a sauko ƙasa a dawo, don kada a tsallake wani. Bayan turmin ƙarshe ma a shafa, ko da ba shi da maƙwabci. Makon farko za ku ji hannu yana harɗewa, yawu yana zuba, ku tsaya gaban madubi. In hannu ya saba, minti biyu zuwa uku ya isa. In an gama a jefar da zaren. Ba a wanke shi a ajiye, ba a kuma ba wani.

Ga wani gwaji da ba ya buƙatar likita: ku sansana zaren bayan ya fito daga tsakanin turame. Abin da kuka ji, shi abokan hirarku suke ji, kunya ce ta hana su faɗa. Mafi yawan warin baki daga cikin bakin yake, daga bayan harshe da tsakanin haƙora, ko da yake mun fi son mu ɗora wa ciki laifi.

Sai maganar jini. Ranar farko da yawanku za su ga ja a jikin zaren, su tsorata su ajiye. Lafiyayyen dasashi ba ya jini don an taɓa shi a hankali. Jinin shaida ce cewa wurin ya riga ya kumbura, kuma abin da ya kumbura shi ne kuke cirewa. Ku tuna mutanen Farfesa Löe. A ci gaba kullum, a hankali. Cikin mako ɗaya zuwa biyu jinin zai ragu ya ɗauke. In ya wuce mako biyu bai daina ba, ko yana zuba da kansa ba a taɓa ba, ko mutum yana shan maganin tsinka jini, to a zo asibiti, domin ko dai akwai dutsen da sai an kankare, ko kuma wata matsala ce ta jiki da ke bukatar awo. Masu shan sigari kuma kada rashin jini ya ruɗe su. Taba tana matse ƙananan jijiyoyin dasashi ta ɓoye alamar, alhali ciwon ya fi saurin ci a bakinsu.

Ana yawan tambayata ko zare yana buɗa haƙora. Ba ya buɗawa. Abin da ke faruwa shi ne, kumburi ya saɓe, dauɗar da ta toshe wurin ta fita, sai ramin da ciwo ya riga ya yi ya bayyana. Haka ma masu cewa wankin haƙori a asibiti yana sa su girgiɗi: dutsen ne ya riƙe su riƙon ƙarya bayan ya gama cinye ƙashin.

Wane lokaci ya fi? Da dare kafin barci, domin yawu, wanda shi ne mai wanke baki na halitta, yana raguwa in mun yi barci. Na fi son a fara da zare sannan a bi da buroshi. Wani ƙaramin bincike da aka yi a Mashhad ta Iran, aka buga a 2018, ya nuna hakan ya fi rage dauɗar tsakani, ya kuma bar sinadarin fuloraid na makilin ya fi zama a wurin. In an goge, a tofar da kumfar, kada a bi da kurkurar ruwa mai yawa. Da azumi, a yi bayan an gama ciye-ciyen dare ko bayan sahur kafin alfijir, an huta da shakka.

Ba kowane baki ne na zare ba. Mai wushirya, mai giɓi, da dattijon da dasashinsa ya janye har ana hango rami tsakanin haƙora, ɗan buroshin tsakani ya fi musu. Siriri ne, gashi kewaye da 'yar waya, girma-girma ne. A zaɓi wanda ke shiga ba tare da an tura da ƙarfi ba, a shiga a fita sau biyu ko uku, a ɗauraye shi, yana yin kwanaki kafin gashin ya lalace. Wanda hannunsa ke rawa ko yatsunsa suka yi tauri, akwai zaren da aka ɗaure a 'yar roba mai mariƙi. Mai wayar gyaran haƙori ko haƙoran da aka haɗa da gada, ya tambayi likitansa ya nuna masa dabarar da ta dace da shi.

Na san zancen kuɗi yana ran wasu. Yawancin gwangwanin zaren nan mita 50 ne a ciki. In kana yankar santimita 45 kullum, zai kai ka kwana 110 da ɗoriya, fiye da wata uku. Ku kwatanta da kuɗin cire haƙori ɗaya, da maganin da za a saya, da kwanakin da ba a fita nema ba, balle kuɗin dasa wani. Zaren ɗinki, zaren buhu da silin leda kuwa ban ba da shawararsu ba: suna yanka dasashi, suna tsinkewa su bar guntu a ciki.

Iyaye mata, biyu naku ne. Mai juna biyu dasashinta yakan fi saurin kumburi da jini saboda sauyin da jiki ke yi, don haka lokacin ƙara kula ne, kuma zuwa wurin likitan haƙori da ciki ba laifi ba ne. Yara kuma, haƙoran nono guda 20 ne, kada a ce ai za su fita. Su ne ke riƙe wa na dindindin wuri, kuma kogo a tsakanin turamen yara abu ne da muke gani kullum. Da zarar haƙora biyu sun haɗu har buroshi ba ya ratsawa, uwa ko uba su riƙa sa musu zare, har yaro ya kai wajen shekara goma hannunsa ya nuna. Ku riƙa ɗaga leɓen yaranku kuna dubawa. A yankinmu wannan ya wuce zancen ado, domin cutar noma, mai cinye kumatu da leɓen yara, da gyambon dasashi take farawa a bakin yaron da yunwa ko ƙyanda ta raunana, yawanci ɗan shekara 2 zuwa 6. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin ta tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Zare ba shi ne maganin noma ba, abinci mai gina jiki da allurar rigakafi ne kan gaba. Amma uwar da ta saba leƙa bakin ɗanta ita ce za ta ga gyambon tun yana ƙarami. Yaron da dasashinsa ke jini, bakinsa na wari, yana zazzaɓi, a kai shi asibiti a ranar, kada a kwana.

Masu kantin magani da ke cikinmu, ku riƙa saro zaren nan da ƙananan buroshin, ku ajiye su kusa da makilin inda ido zai gani. Mutane da yawa ba su taɓa ganinsu ba balle su tambaya. Malaman makaranta, boko da Islamiyya, minti biyar a darasin tsabta ya isa a nuna wa yara riƙon zare. Sauran jama'a kuma, roƙona mako biyu ne. Ku fara daren yau, ku yi kullum har kwana goma sha huɗu, ku duba jinin, ku sansana zaren. Wanda jininsa bai ɗauke ba, ko yake da haƙori mai girgiɗi, ko bai taɓa zuwa an kankare masa dutsen haƙori ba, ya nemi sashen haƙori na asibitin da ya fi kusa da shi, kada ya jira sai kumatu ya kumbura.